OBDLink MX+ a motar da aka ƙara wa ƙarfi: abin da take gani idan inji na misin, da abin da ke wuce ta

A cikin gari motar lafiya lau take, sulo a zaune, babu rawa babu tari. Sai an hau babban titi an sa giya ta uku ko ta huɗu an danne totur, allura ta kai wajen juyi 3,500, turbo ya fara hura iska da gaske, sannan injin ya hau fizga kamar ana riƙe motar ta baya, salansa ta yi tau-tau, wutar cek ta kama ƙiftawa. Da an ɗaga ƙafa komai ya koma daidai, kamar ba a yi ba. Wannan shi ne misin ɗin da ya fi wahalar da masu motocin da aka taɓa, wato waɗanda aka sauya wa lissafin ƙwaƙwalwa, ko aka sa musu babban turbo, ko manyan nozul, ko bututun iska da salansa na daban. A gareji ba ya nuna kansa, domin a tsaye injin ba ya ɗauke da kaya. Abin da yakan biyo baya kuwa sananne ne: a sauya fulogi, a sauya koyil huɗu, a sauya famfon mai, a wanke nozul, matsalar tana nan inda take. An bar jaki ana dukan taiki.

Na'urar da muke dubawa a nan, OBDLink MX+, ƙaramar aba ce da ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Kamfanin OBD Solutions da ke jihar Arizona a Amurka ke yin ta. Ana soka ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta yi magana da ƙwaƙwalwar mota, ta miƙa abin da ta ji zuwa wayar hannu ko kwamfuta ta Bluetooth. Tana aiki da Android da iPhone da Windows. Soket ɗin nan ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001, kuma na'urar tana jin duka yarukan da dokar binciken lafiyar mota ta OBD2 ta tanada, har da ƙarin layuka biyu na cikin gida, MS-CAN na Ford da SW-CAN na GM. Rami na 16 a soket ɗin wutar batir ce kai tsaye, ko an zare makulli tana nan, shi ya sa na'urorin banza ke shanye batir idan an manta da su a jiki. Wannan tana yin barci da kanta idan inji ya mutu. Akwai kuma maɓalli a jikinta da sai an danna kafin sabuwar waya ta haɗu da ita, don haka wanda ke tsaye a gefen mota ba zai shiga ba.

Dole a kwatanta ta da tarin na'urorin da ake sayarwa da sunan ELM327. Asalin ELM327 guntun lantarki ne na kamfanin Elm Electronics na Kanada, amma mafi yawan abin da ke kasuwa kwaikwayo ne, kuma wanda aka rubuta wa v1.5 kamfanin bai taɓa fitar da shi ba sam. Idan karanta lambar matsalar da ƙwaƙwalwa ta adana kawai ake so a goge, kwaikwayon ma yakan yi. Inda yake kasawa shi ne dogayen amsoshi da tambaya a jere da sauri, ya yanke magana a tsakiya ko ya sake haɗuwa, kuma waɗannan biyun su ne ainihin abin da ake buƙata wajen farautar misin. A nan MX+ ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba: ba ta yankewa, kuma ana sabunta mata manhajar cikinta.

Yadda ƙwaƙwalwa ke gane misin

Sai an fahimci wannan sannan a san nauyin da za a ɗora wa abin da na'urar ta nuna. A yawancin motoci babu wata sensa a cikin silinda da ke kallon wuta. Ƙwaƙwalwar mota tana kallon haƙoran da ke wucewa gaban sensar karanshaf ne, tana auna lokacin da ke tsakaninsu. Duk silindar da ta kama wuta takan ba karanshaf ɗan turi, gudunsa ya ɗan ƙaru. Wadda ba ta kama ba, sai gudun ya ɗan faɗi a daidai lokacinta, ƙwaƙwalwa ta rubuta mata ɗaya. Ana ƙirgen nan a tagogi biyu. Akwai na juyi 200, wanda ke neman misin mai yawan da zai ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, shi ne ke sa wutar cek ƙiftawa nan take. Akwai na juyi 1,000, wanda ke neman misin mai ɓata hayaƙi, shi kuma yawanci sai ya maimaita a tafiya ta biyu sannan wuta ta zauna. Lambobin P0301 zuwa P0304 a inji mai silinda huɗu suna nuna silindar da ake zargi, P0300 kuma na nufin abin ya watsu ko ƙwaƙwalwa ta kasa tsayar da shi kan guda.

Matsalar ita ce misin ɗin da ke zuwa na daƙiƙa biyu kawai a ƙarƙashin matsin turbo sau da yawa ba ya cika adadin da zai haifar da lamba. Direba yana ji a jikinsa, a soka na'ura ta ce babu komai. A nan ne sashen da manhajar ke kira Mode 06 yake da daraja, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na'urar nan ta cancanci kuɗinta. A motocin da ke magana da yaren CAN, wanda ya zama dole a Amurka daga 2008, kowace silinda tana da nata layin: A2 ta ɗaya, A3 ta biyu, A4 ta uku, haka har ƙarshe. A ƙarƙashin kowanne akwai ƙirge biyu, 0C na tafiyar yanzu ko wadda ta gabata, da 0B wanda matsakaici ne na tafiye-tafiye goma na baya. Idan aka ga silinda ta ɗaya 0, ta biyu 37, ta uku 1, ta huɗu 0, ai magana ta fito ko da babu lamba ko ɗaya. Ɗaya ko biyu nan da can ba abin tada hankali ba ne. Abin dubawa shi ne wadda ta fita daban da 'yan uwanta, ko kuma dukkansu su tashi tare. Tsofaffin motocin da suka riga CAN kowane kamfani da tsarinsa a wannan sashe, wasu ma ba sa nuna ƙirgen misin a can ko kaɗan.

Kafin a taɓa sifana

Kada a goge lamba da farko. Gogewa tana tafiya da hoton da ƙwaƙwalwa ta ɗauka a lokacin da matsalar ta faru, wato juyin inji da nauyin da ke kansa da zafin ruwa da gyaran mai (ƙari ko ragin da ƙwaƙwalwa ke yi wa man da take fesawa), tana kuma share ƙirgen Mode 06, a motoci da yawa har da gyaran man da ƙwaƙwalwa ta koya. A fara adana rahoton duka, manhajar OBDLink tana yin wannan da dannawa ɗaya. Hoton nan shi ke raba hanya. Misin a juyi 750 da ruwa mai sanyi digiri 25 wata cuta ce daban da misin a juyi 4,200 da totur a buɗe.

Idan silinda ɗaya ce ta fita daban, a ce ta biyu, sai a yi musaya mai raba gardama. A ɗauki koyil ɗinta a kai ta huɗu, a ɗauki fuloginta a kai ta uku, a sake hawa titi a yi irin jan da ke tada matsalar, a duba ƙirge. Ya koma ta huɗu, koyil ne. Ya koma ta uku, fulogi ne. Ya tsaya a ta biyu, to waɗannan biyun sun fita daga zargi, saura nozul da wayoyin wuta da lafiyar silindar kanta. Aikin minti ashirin ne, kuma ba a sayi komai ba. Abu ɗaya za a kiyaye: a juyi mai yawa ƙwaƙwalwa takan ɗora laifi kan maƙwabciya a jerin tashin wuta, wanda a yawancin injina masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne. Idan ta uku da ta huɗu suka tashi tare, mai yiwuwa ɗaya ce mai laifin.

Wajen ɗaukar bayanai a kan tafiya, kada a cika allo da ma'aunai ashirin. Na'urar tana tambayar ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya ne, don haka duk ma'aunin da aka ƙara yana rage wa sauran sauri. Shida sun isa: juyin inji, matsin manifol ko yawan iska, lokacin tashin wuta, lamda (ma'aunin kaurin haɗin iska da mai), gyaran mai, da matsin mai idan motar tana bayarwa. A sa giya ta uku, a ja daga juyi 2,500 zuwa kusa da jan layi, wani na riƙe da wayar ko kuma a bar ta tana adanawa a karanta daga baya. A kan daino, wato injin gwajin ƙarfin mota a tsaye, ya fi. Da wutar cek ta fara ƙiftawa a ɗaga ƙafa, domin ɗanyen man da ke wucewa salansa yana ƙonewa ne a cikin katalis har ya narkar da shi.

Fulogi da tazararsa

Idan ƙirge ya tashi a dukkan silinda, kuma sai lokacin da matsin turbo ya kai ƙololuwa, to wanda ake fara tuhuma shi ne tazarar bakin fulogi. Dalilin a fili yake. Iskar da aka danne ta fi wuyar ratsawa ga tartsatsi, don haka duk yadda matsi ya ƙaru a silinda haka wutar da ake buƙata don tsallake tazarar take ƙaruwa. A sulo bolt dubu goma zuwa sha biyar kan isa, a ƙarƙashin matsi mai yawa kuwa buƙatar takan doshi dubu talatin, wato kusa da iyakar abin da koyil zai iya bayarwa. Koyil ɗin da ya shekara biyar yana aiki lafiya a matsin bar 0.8 sai ya gaza ranar da aka kai shi bar 1.4, ba don ya lalace a ranar ba, sai don an nemi abin da ba shi da shi. Injinan turbo da yawa suna fitowa da tazarar milimita 0.7 zuwa 0.8, masu tiyunin kuma, wato masu ƙara wa inji ƙarfi, sukan mai da ita 0.6 zuwa 0.65. A rage kaɗan-kaɗan, milimita 0.05 kowane karo, a tsaya a mafi faɗin tazarar da misin ya daina. Wanda ya matse ta fiye da kima ya sayi wata sabuwar matsala, sulo mai rawa da wahalar tashi da safe, saboda ƙaramin tartsatsi ba ya kunna haɗin da kyau idan babu matsi. A fulogin iridiyom kuma kada a jingina ma'auni da siririn tsinken tsakiya a yi ɗauri da shi, karyewa yake. Ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa.

Batun fulogi mai sanyi ana yawan cakuɗa shi da wannan. Sanyin fulogi ba ya ƙara ƙarfin tartsatsi, abin da yake yi shi ne kwashe zafi daga bakinsa don kada ya yi ja ya kunna mai kafin lokaci. Ƙa'idar da kamfanin fulogi na NGK ke bayarwa ita ce a koma wanda ya fi sanyi da mataki ɗaya a duk ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100. A wurinsu babbar lamba ita ce mai sanyi, 8 ta fi 7 sanyi, amma a wurin Bosch akasin haka ne, kuma mutane da yawa sun faɗa wannan ramin. Fulogin da ya yi sanyi da yawa a motar da ke gajerun tafiye-tafiye baƙin hayaƙi yake tarawa, ya dawo yana misin a sulo. Idan an zare fulogi a duba farin tangaran ɗinsa na waje a haske: siririn baƙin layi kamar an ja da fensir alama ce wuta na bin jikinsa tana zuwa ƙasa. Wannan sai an sauya fulogin da robar koyil ɗin tare, in ba haka ba tsohon ya koya wa sabon hanyar.

Duk wannan na'urar ba ta ganin tartsatsi. Abin da take yi shi ne ta nuna cewa mai da iska suna daidai a lokacin da injin ya fizga, sai zargi ya tattaru a kan wuta.

Mai da iska

A nan MX+ ta fi nuna gwanintarta. Gyaran mai iri biyu ne, na nan take da allo ke rubutawa STFT, da wanda aka koya a hankali, LTFT. A haɗa su biyun. Tsakanin ragi 5 da ƙari 5 cikin ɗari lafiya ne, ya wuce 10 akwai magana, can sama kuma P0171, lambar tsinkakken haɗi, ke fitowa. Yadda lambar ke motsi ya fi ita kanta lambar faɗin gaskiya. Ƙari 18 a sulo da ke sauka zuwa 4 a juyi 2,500 iska ce ke satar shiga bayan sensar iska, ta tiyon da ya tsage ko gaskit ɗin manifol ko bawul ɗin numfashin inji. Idan kuwa a sulo daidai yake amma yana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, to mai ne ba ya isowa, ko sensar iska tana ƙirga ƙasa da abin da ke wucewa. Wannan na biyun ya zama ruwan dare a motocin da aka sauya wa bututun iska. An auna sensar ne a cikin bututu mai wani faɗi, aka mai da ita cikin wanda ya fi shi, sai iskar ta rage gudu a kanta, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kaɗan ce, ta ba da mai kaɗan, haɗi ya tsinke. Filtar da ake shafa wa mai ma, idan an cika mata, takan shafe siririyar wayar sensar.

Yoyon da ke bayan turbo kuwa juya lissafin yake. Kilif ɗin intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, da ya saki yana zubar da iskar da an riga an ƙirga, don haka a ƙarƙashin matsi haɗin yakan yi kauri, baƙin hayaƙi ya fito, fulogi ya jiƙe. Haka bawul mai furzar da iska waje, wanda ake sawa don ƙarar fishhh ɗin nan, a motar da ke da sensar iska: duk sauyin giya sai mai ya yi yawa na ɗan lokaci, injin ya sarƙe ko ya mutu a mahaɗar titi.

Idan an danne totur har ƙarshe, motoci da yawa suna daina bin sensar salansa, don haka gyaran mai ya daina ba da labari, sai a koma kan lamda. Injin fetur mai turbo yakan nemi 0.78 zuwa 0.85 a cikakken nauyi, wato kashi 11.5 zuwa 12.5 na iska a kan kashi ɗaya na mai, maimakon 14.7 na tafiyar yau da kullum. Idan ƙwaƙwalwa na neman 0.80 amma ana samun 0.92, a tsayar da gwaji nan take, wannan hanyar narkar da fistin ce. Amma a kula da wani tarko: silindar da ba ta kama wuta ba tana tura iskar da ba a ƙona ba zuwa salansa, sensa ta karanta tsinkakken haɗi ko da mai ya wadata. Don haka a duba wanne ya riga wani a jadawalin, tsinkewar ce ta fara ko fizgar. Tsohuwar sensa mai lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 ba ta da amfani a nan, sai an ɗaura mai faɗin karatu ta daban.

A injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, matsin layin mai yakan kai bar 150 zuwa 200, sababbi har 350, kuma motoci da yawa suna bayar da wannan ma'aunin. Idan ya nutse a tsakiyar ja, wajen juyi 3,000 zuwa 4,000 inda ƙarfin juyi ya fi yawa, famfon matsi ya kai iyakarsa, kuma wani lokaci P0087, lambar ƙarancin matsin mai, kan biyo baya. Wanda ya koma man E85, wato mai yawan etanol, ya tuna yana buƙatar kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur. Injinan da ke fesawa a manifol yawanci ba su da sensar matsin mai, sai an ɗaura geji. Idan tsarin mai komawa tanki ne mai bar 3, a matsin turbo bar 1.2 geji ya kamata ya nuna 4.2. Manyan nozul kuma nasu misin ɗin a sulo yake: buɗewar da ake nema gajeriya ce ƙwarai, idan ba a shigar wa ƙwaƙwalwa ainihin jinkirin buɗewarsu ba sai kowanne ya zuba abin da ya ga dama.

Inda tsugune ba ta ƙare ba

Na'urar tana faɗin abin da ƙwaƙwalwa ta yarda da shi ne kawai, kuma a motar da aka taɓa, ƙwaƙwalwar tana iya zama a ruɗe. Misali mafi kyau shi ne fulawil marar nauyi. Tunda gano misin ya dogara da sauyin gudun karanshaf, cire kilo biyar ko shida daga fulawil, ko sauya mai ɓari biyu da dunƙulalle, yana sa gudun ya riƙa hawa da sauka fiye da yadda aka koya wa ƙwaƙwalwa. Sai P0300 ta fito a injin da ke ƙona mai lafiya lau. Kamshaf mai tsini da ke sa sulo tsalle-tsalle haka yake yi, fulin gaba marar roba ma haka. Alamar misin na ƙarya ita ce ƙirge ya watsu a dukkan silinda, yawanci a ƙaramin juyi da babbar giya, direba ba ya jin komai, fulogi huɗu launinsu ɗaya, lamda a zaune. MX+ za ta nuna ƙirgen da gaskiyarta, amma ba za ta ce na ƙarya ba ne. Wasu motocin, musamman na GM da Ford, suna buƙatar a sake koya wa ƙwaƙwalwa haƙoran karanshaf bayan an taɓa fulawil ko sensar, lambar P0315 ke nuna ba a yi ba. Manhajar OBDLink karatu da gogewa ta fi iyawa, ba ta ba da irin wannan umarni. A Ford da Mazda sai a haɗa na'urar da manhajar FORScan, a sauran kuma sai babbar na'urar gareji.

Akasin haka ma yana faruwa. Wasu masu tiyunin suna kashe lambobin misin ko su ɗaga iyakarsu don kada wuta ta dami mai mota, sai allo ya nuna sifili reras alhali injin na fizga. Mode 09 yana nuna lambar lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwa da hatiminsa, wanda ke taimaka wa wanda ya sayi mota bai san an taɓa ta ba, ko da yake akwai tiyunin da ke barin hatimin asali. Motar da aka cire wa ƙwaƙwalwar kamfani aka sa irin su Haltech ko Link ko MoTeC kuwa, da manhajarsu ake magana da ita, wannan na'urar ba ta da abin yi a can sosai.

Akwai iyakoki biyu da ba laifin na'urar ba ne, na tsarin OBD2 ne, amma mai turbo zai ci karo da su a ranar farko. Ma'aunin matsin manifol na gama-gari yana tsayawa a kilofaskal 255, kuma da nauyin iskar duniya a ciki, wato kusan bar 1.5 na matsin turbo. Duk abin da ya haura haka layi ne miƙaƙƙe a jadawali, wanda bai sani ba sai ya ɗauka matsin ya zauna daram alhali yana wuce gona da iri. Lokacin tashin wuta kuma na silinda ta ɗaya kaɗai ake bayarwa, ba a ganin yadda ƙwaƙwalwa ke ja da baya a kowace silinda saboda ƙwanƙwasa, wato fashewar mai ba bisa tsari ba a cikin silinda. Waɗannan sai ta ma'aunan kamfani. Manhajar OBDLink tana da su ga wasu motocin Ford da GM da Toyota da Nissan da Mazda, amma ya danganta da shekara da kasuwar da aka yi motar dominta, don haka a duba jerin kafin a saya. Mai BMW zai haɗa ta da manhajar BimmerLink. Mai Volkswagen ko Audi gaskiya VCDS na Ross-Tech ya fi masa, domin yana nuna ƙirgen misin na kowace silinda kai tsaye yayin da ake tafiya.

Sai batun sauri. A juyi 6,000 karanshaf na zagayawa sau 100 a daƙiƙa, inji mai silinda huɗu na tashin wuta sau 200, kowane tartsatsi kuma bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Babu na'urar soket da za ta ga wannan. Koyil mai yankewa idan ya yi zafi, wayar ƙasa da ta saki, siginar karanshaf da ke ɗaukar hayaniya daga wayoyin da aka ja kusa da koyil lokacin dashen inji, duk waɗannan aikin osiloskof ne, na'urar da ke zana motsin wutar lantarki a allo, irin PicoScope.

Idan musaya ta fitar da koyil da fulogi da nozul daga zargi amma ƙirge ya nace kan silinda ɗaya, an gama da lantarki, a ajiye waya a ɗauko geji. A auna matsin silinda da inji mai ɗumi da totur a buɗe, bambanci tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A bi da gwajin yoyo, a hura iska ta ramin fulogi da fistin a sama: ƙasa da kashi 10 lafiya, sama da 20 akwai ɓarna, kuma kunne zai faɗi inda take. Huci a salansa bawul ɗin fita ne, a bututun iska bawul ɗin shiga, a murfin baƙin mai ringi ko fistin, kumfa a lagireto kuma gaskit ɗin tof. Injin EJ257 na Subaru ya yi suna wajen tsagewar gefen fistin tsakanin ringi idan ƙwanƙwasa ta yi yawa, kuma sau da yawa da lambar misin ta silinda ɗaya yake fara sallama. Misin na minti ɗaya da safe da ke ɓacewa, tare da ruwan lagireto mai raguwa da fulogi ɗaya fari tas kamar an wanke, ruwa ne ke ɗiga cikin silinda da dare. A injinan fesa kai tsaye kuma, datti kan taru a bayan bawul ɗin shiga tunda fetur ba ya wanke shi, ya kawo misin da sanyin safiya. Misin da ke zuwa daf da jan layi kaɗai bayan an sa kamshaf mai tsini ko an ƙara matsi, a tuhumi sifirin ɗin bawul.

Ga mai motar da ke kan ƙwaƙwalwar kamfani, ƙirar 2008 zuwa sama, da tiyunin matsakaici, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ko don Mode 06 da adana bayanan tafiya kaɗai. Wanda ya riga yana da kayan tiyunin irin su Cobb Accessport ko na HP Tuners ba ya buƙatarta don wannan aikin, nasa sun fi ta zurfi a motarsa. Wanda zai saya kuma ya haɗa da ma'aunin tazarar fulogi, da gejin matsin silinda, da sifana mai auna ɗauri, domin fulogi mai zaren milimita 14 a tof na alminiyom wajen Nm 25 yake so, kuma wanda bai ɗauru ba yakan yi zafi ya kawo irin misin ɗin da aka fito nema.